Taswirar Mamane Satalit

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar shayi ta bakin tashar Filinge ya san Mamane, ko da bai so ba. Mutum ne dogo siriri, mai bakin da ba ya jiran a tambaye shi. Sana'arsa kabu-kabu tsakanin Filinge da ƙauyensu Kwarin Baƙo, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya ƙera babur ɗin, hanyar ma shi ya shimfiɗa ta.

Wani lokaci ya tafi Yamai sayen kayan gyaran babur, ya sauka wajen ɗan ƙanen babansa da ke aiki a wani otel. Aka yi dace ana babban taro a otel ɗin, irin wanda ake kira atalye, a kan yadda ake zana taswirar amfanin da daji da ruwa da itatuwa ke yi wa mutane, don hukuma ta san inda za a kare da inda za a bari a noma. Masu hidima suka yi kaɗan, aka sa Mamane ya kama. Yana shiga da tiren lemo yana fita da kwalabe, abin da kunnensa ya tsinta tsakanin ƙofa da tebur shi ne duk karatunsa. Da aka watse ya tsinci hular taro da wani kati mai igiya da wani Dokta Mansur ya manta a kan kujera. Ya kafa hula, ya rataya kati a wuya, ya dawo Kurfai, wato ƙasarsu ta Filinge, a matsayin masani.

Matarsa Hadiza ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Ina kayan babur ɗin?"

"Hadiza, bar zancen babur, mijinki ya wuce nan. Kin san mi ake ce ma sarbis ekosistemik?"

"Ban sani ba. Da miya ake cin shi?"

"Amfanin da Allah ya zuba cikin daji kyauta. Gawo shina takin gona, tabki shina shayar da bisashe. Sai an zana su bisa takarda, in ba haka ba gwamnati ba ta san da su ba."

"Gawo dai ya daɗe shina takin gona ba da sanin gwamnati ba." Da yake ta ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, sai ta kama katin ta karanta. "Wane ne Mansur?"

"Sunan aiki ne."

"To Allah shi sa Mansur ɗin ya san hanyar kasuwa, don hatsi ya ƙare."

Tabki guda ne a Kwarin Baƙo. A kansa garin ke rayuwa, a kansa kuma yake faɗa. Mata masu lambu, waɗanda Asabe ke shugabanta, sun kewaye bakinsa da albasa da dankalin turawa. Makiyaya suna kuka burtalin da shanu ke bi su sha ruwa ya matse, har saniya mai ciki sai ta karkace take wucewa. Masu bulo kuma suna ta cin gaɓar tabkin kamar gara. Bara har an fasa kan mutum. Ana cikin haka wata porje, irin ƙungiyoyin nan na raya karkara, ta aiko wa maigari cewa mutanenta za su zo kafin damina, a zauna a fitar da inda burtali yake, da inda lambu zai tsaya, da itatuwan da ba a taɓawa, a sa cikin tsarin ƙasa na hukuma. Abin da aka zana ranar, shi zai zauna.

Maigari ya tara mutane ya faɗa musu. Kafin ya rufe baki Mamane ya miƙe yana gyara hula.

"Ranka shi daɗe, abin da za su zo yi na riga na gama shi cikin kaina. A bar mini aikin, su iske taswira tana jiran su. Su da kansu za su roƙi in koya musu."

Maigari tsoho ne da ya gaji da shari'ar albasa da kofato. Ya ce, "Ka iya, Mamane?"

"Mu munka yi atalye a Yamai. Har manyan daraktoci sun karɓi abu daga hannuna."

Wannan kam bai yi ƙarya ba, lemo suka karɓa.

Abu na farko da ya tuna shi ne daga sama ake ɗaukar taswira, da satalit, wato tauraron ɗan Adam. Babu satalit a Kwarin Baƙo. Abin da ya fi kowa tsawo kuma yake tafiya shi ne raƙumin Talle, babban makiyayan garin. Talle ya ba shi aro da sharaɗin ya riƙe akala da kyau. Mamane ya ce wanda ya iya babur a rairayin Kurfai, raƙumi wasan yara ne.

Ya hau, ya saki akala don ya kama salula da hannu biyu ya ɗauki hoton gari. Raƙumi ya ɗaga ƙafafun baya, Mamane ya rungumi wuyansa. Ya ɗaga na gaba, Mamane ya koma ya rungumi tozo. Da ya samu ya daidaita, sai ya ga ya kamata jama'ar da suka taru kallo su ji Faransanci. Ya ɗaga sanda ya nuna arewa da ƙarfi, ya ce, "Nor." Sandar ta sauka a kunnen raƙumi. Shi raƙumi bai yi atalye ba, ya ɗauka umarni ne, ya zabura ya nufi kudu. Ya keta dannin lambun Asabe kamar labule, ya bi ta kan albasa, ya juya cikin dankali, ya girgiza sau ɗaya ya sauke kayansa a tsakiyar fangali mai ruwa. Abin da salula ta ɗauka kaf shi ne sararin sama, da wuyan raƙumi, da muryar Mamane yana salati.

Asabe ta ajiye bokitin ban ruwa, ta zo ta tsaya a kansa.

"Sannu da saukowa, Satalit. Mi ka gano daga sama?"

"Na gano lambunki shina da muhimmanci ƙwarai, Inna Asabe."

"Ɗazu ya hi muhimmanci, kahin ka zamna bisa shi. Irin dankalin ga daga Bonkuku na ɗauko shi. Tashi mu tai wurin maigari."

Mamane ya rage murya. "Ina amfanin maigari ga wadda ke da mai taswira a hannu? Bakin tabkin ga duka tsanwa zan shafa mishi. Tsanwa lambu ne. Kofato ba shi ƙara taka nan har abada."

Asabe ta auna dankalin da ya lalace da bakin tabki gaba ɗaya. Ta sake shi. Sunan Satalit kuwa bai sake shi ba.

A bakin danni ya iske Talle, sanda a kafaɗa, yana duba raƙuminsa da mata suka raka da ƙotar fartanya.

"Na ba ka dabba lahiya, ka maido mini ita da kumburi."

"Aikin ƙasa ne, Talle, dole wani shi sha wuya."

"To zo kai ma ka sha naka rabon."

Mamane ya dubi sandar, ya ja Talle gefe. "Kai da za ka samu burtali mai faɗin hanyar Yamai? Bakin tabki duka ruwan ɗorawa zan shafa mishi, kalar kiwo ke nan. Amma ka riƙe cikinka, mata ba su iya jin sirrin gwamnati ba."

Talle ya sauke sanda. Mamane ya wuce gida yana jin a ransa cewa da irinsa ake aikawa sasanta ƙasashe da duniya ta huta.

Da ya gama da sama sai ya koma kan itatuwa. A gabashin gari akwai wata tsohuwar tsamiya, wadda tsoho Baushe ke kula da ita. Shi ne ke riƙe da al'adar kakanni, a gindinta 'yan bori ke taruwa kafin faɗuwar ruwa. Mamane ya same shi zaune yana tufkar igiya.

"Baba, wanga icce wane sarbis shika yi?"

Baushe bai ɗaga kai ba. "Shina ba da inuwa ga wanda ya zo da hankalinshi, da wanda ya baro nashi gida. Ba shi bambantawa. Ga ka nan ciki."

"Inuwa kaɗai?"

"Akwai masu gida a ciki. Ka yi musu sallama?"

"Kimiyya ba ta sallama, Baba."

Ya jira tsohon ya tafi, ya fito da gwangwanin jan fenti ya zabga wa tsamiya gicciye ƙato, don ya tuna a Yamai duk wuri mai daraja jan tabo ake sa masa a taswira. Bai tuna cewa a takarda ake sawa ba.

Ran Lahadi wasu masu saran itace suka biyo ta nan da amalanke za su kasuwar Filinge. Suka ga jan gicciye, suka ce ai wannan alama ce ta masu gandun daji sun yarda a sare. Suka yi bisimilla suka kafa gatari. Matan da ke rijiya suka ji sara, suka yi kururuwa, gari ya fito kaf. 'Yan bori suna gaba, liman yana biye da carbi a hannu, don shi ma kununsa da 'ya'yan tsamiyar nan ake dama shi. Aka ƙwace gatura. Masu sara suka nuna gicciye, idanu duka suka juya kan Mamane.

"Alamar kariya ce," in ji shi.

"Mun ga kariya," in ji maigari. "Da ka ƙara mata kariya kaɗan, da yanzu tana cikin murhun mutanen Filinge. Goge shi, muna kallo."

Aka kawo masa rairayi da ruwan toka. Ya goga, fenti ya ƙi. Ya ɗauko dutse ya shiga kankara yana buga kututture, yana yi wa jama'a bayanin cewa wannan ma wani mataki ne na aikin. Ashe a kogon da ke saman kansa akwai zuma, kuma tun saran gatari ransu a ɓace yake. Suka fito ba su tambayi wanda ya fara ba, suka sauka a kan wanda ke bugawa.

Jama'a suka watse, ban da Baushe da ya rufa da bargonsa yana cewa, "Waɗanga ma ka sa su cikin takardar, Mamane. Su ne masu gadi."

Mamane bai tsaya amsawa ba. Ya yi gudun da babur ɗinsa bai taɓa yi ba, ya faɗa tabki. Zuma suka haƙura suka koma, laka kuwa ba ta haƙura ba, ta riƙe shi har cinya. Sule mai bulo da abokan aikinsa suka jefa masa igiya suka ɗaura wa jaki. Jaki ya ja, Mamane ya fito, wando da takalmi suka zauna a ƙasan tabki.

Sule ya miƙa masa buhu ya ɗaura. "Wanka ake yi da hula, Satalit?"

"Zurhin tabki nike aunawa."

"Nawa ka samu?"

"Ya kai a kare shi." Ya dubi masu bulo suna danne dariya, ya san kafin ya isa gida labari ya riga shi. "Sule, in bakinku ya yi shiru, gaɓar ga taku ce. Baƙi zan shafa mata, kalar bulo. Ku haƙa har ku gaji."

Sule ya yi alkawari, ya kuma cika shi, don ba sai ya faɗa wa kowa ba. Rabin gari na tsaye a kan tudu suna kallo.

Hadiza ta tarbe shi a ƙofa, ta dubi buhun, ta dubi fuskar da ta kumbura har idanu sun koma tsaga. "Kullum kana cewa za ka yi girma. Ga shi an fara daga fuska."

"Ki yi dariya. Ranar da anka kira ni Yamai, ke za ki riƙa mini jaka."

"In sun biya ka, ka fara da wando."

Ya yi jinya, ranar baƙi ta matso, rana ta fara cizo. Nan ya tuno babban sirrin da ya gani ta ƙofar zauren taro, wato taswirar manya hawa-hawa ce: ta ruwa daban, ta kiwo daban, ta gonaki daban, a ɗora wata kan wata a ga duka lokaci ɗaya. Wannan ya kwantar masa da hankali, don in kowa na da nasa hawa, ai bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya tafi kasuwar Filinge ya sayo leda mai garau, irin wadda ake rufe tebur da ita, ya karɓo ragowar fentin mai wajen mai fentin motoci. Da yake gwani ba ya gaggawa, bai fara zane ba sai da safen ranar. Ya shimfiɗa ledoji a tsakar gida, ya shafa shuɗi a ta ruwa, tsanwa a ta lambu, ruwan ɗorawa a ta kiwo, baƙi a ta bulo, ja a ta gonaki. A jikin kwali ya rubuta ma'anar kowace kala, ya ƙara da ruwan ƙasa, wadda ya ji an ce ita ce kalar matacciyar ƙasa.

Hadiza ta ce, "Ba ka bari su bushe?"

"Ilimi ba shi jiran iska."

Ya jera su ɗanye wata kan wata, ya naɗe kamar tabarma, ya ɗaure a gefen babur daidai kan salansa. Sai ya ga bai kamata masani ya iso daga cikin gari kamar kowa ba. Ya zagaya ta bayan gonaki cikin zafin hantsi, don a gan shi yana ɓullowa daga hanyar Filinge.

A ƙofar maigari an shimfiɗa tabarmi, gari ya cika. Baƙi sun iso, shugabarsu wata mace ce mai tabarau, Madam Sakina. Asabe ta zauna tana murmushi tana duban Talle da tausayi. Talle yana duban Asabe da irin wannan tausayin. Sule yana tausayin su biyun.

Mamane ya kafe babur, ya sauke naɗi, ya yi gyaran murya. "Madam, kun sha hanya a banza, aiki ya ƙare. Taswira ce mai hawa biyar. Mu a fagen ilimi kowane hawa kush muke ce mishi."

Mata suka fara rufe baki da gyale, don kush ɗin da suka sani shi ne wanda ake ɗaura wa jarirai. Madam Sakina ta ce haka ne, da Faransanci sunan ɗaya ne, a buɗe a gani.

Ya kwance igiya. Naɗi ya ƙi buɗewa. Ya taka gefe da ƙafa ya ja da ƙarfi, leda ta saki da wata ƙara kamar an cire ƙafa daga laka. Zafin salansa ya narkar da tsakiya, ledojin sun manne sun zama ɗaya, kaloli sun shige juna. Abin da ya shimfiɗu a gaban maigari wani faffaɗan tabo ne ruwan ƙasa, daga wannan gefe har wancan, yana tururi yana wari.

Madam Sakina ta ɗauki kwalin, wanda shi kaɗai ya tsira, ta gyara tabarau. "Ruwan ƙasa, matacciyar ƙasa marar amfani. Malam Mamane, wane yanki ke nan?"

Maigari ya leƙa. "Ga alama garin duka ne, Madam. Har da gidana."

"Haɗuwar bayanai ce," in ji Mamane, gumi na bin katin Mansur. "Mai ido shina ganin komi a ciki."

Asabe ta matso. "To ni ba ni da ido. Nuna mini tsanwata, bakin tabkin da ka ce duka na lambu ne."

Mamane ya ɗora yatsa a wani wuri.

Talle ya miƙe. "Nan ne ka ce mini burtali."

Sule ya ce, "Nan ne dai ka ce mu haƙa har mu gaji."

Su ukun suka dubi juna, suka dubi yatsan, wanda har yanzu yana wurin don fenti ya riƙe shi. Tun da aka haƙa rijiyar garin ba a taɓa ganin mai lambu da makiyayi da mai bulo sun yarda a kan abu ɗaya ba sai ranar. Suka taso tare.

"Ku dakata in raba muku, kowa da nashi hawa," in ji Mamane. Ya finciki gefen leda, fenti ya yi tsalle ya sauka a farar rigar maigari. Ya ja da baya zai ba da haƙuri, ya taka tsantsi, ƙafafu suka yi sama, ya zauna daɓas a tsakiyar Kwarin Baƙo. Da ya miƙe, taswirar ta miƙe tare da shi, manne a mazaunansa tana reto har ƙasa.

Asabe ta tsaya, ta riƙe ƙugu. "Ku bar shi. Yanzu kush ya koma inda anka saba ɗaura shi."

Dariyar da aka yi ita ta cece shi, don Talle ya kasa ɗaga sanda. Madam Sakina ta cire tabarau tana share hawaye. Da aka lafa ta sa aka fito da babbar farar takarda daga mota, aka shimfiɗa a kan tabarma, ta ce kowa ya matso ya faɗi nasa a gaban kowa. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, an yi zage-zage, Talle ya tashi zai tafi aka maido shi. A ƙarshe burtali ya samu gabashin tabki da faɗin da shanu za su wuce, lambuna suka tsaya yamma, aka tura masu bulo wani kwari nesa da gaɓa suna gunaguni, tsamiya da gawunan bakin gonaki aka sa su cikin waɗanda ba a sara.

Iska ta riƙa ɗaga takardar, aka nemi dutse ba a samu kusa ba. Maigari ya dubi rigarsa, ya dubi Mamane da ke raɓe a bayan babur, ya ce ya zo ya danne kusurwar arewa da hannu, da sharaɗin in ya buɗe baki a nemo dutsen. Haka ya durƙusa har aka tashi.

Lahadin da ta biyo yana rumfar shayi a tashar Filinge, ƙafa kan ƙafa. Wani direban Abala ya tambaye shi ko gaskiya ne an yi taswira a garinsu.

"An yi," in ji Mamane, ya kurɓi shayi. "Su dai sun yi 'yan zane-zanensu. Amma arewacin ƙasar gaba ɗaya a hannuna ya wuni. Da na ɗaga tahin hannun ga, da yanzu Kwarin Baƙo na Mali."